Yayana ya rasu ya bar mini wasicci, ta ina zan fara?

Assalamu alaikum. Yau kwana 23 da rasuwar yayana, ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Tun yana jinya ya rubuta takarda a gaban shaidu biyu cewa ni ne wasiyyinsa, wato wanda zai kula da dukiyarsa ya zartar da wasiyyarsa. Ya bar mahaifiyarmu, da mata biyu, da 'ya'ya bakwai, uku maza huɗu mata, kuma amaryar tana da juna biyu. A cikin takardar ya ce a ba makarantar islamiyyar unguwarmu filinsa na Ɗorayi, motarsa kuma a bar wa babban ɗansa. Yanzu mutane suna zuwa suna cewa suna binsa bashi, banki ya rufe asusunsa, dangi kuma sun matsa a raba gado kafin a gama takaba. Ina tsoron in ci haƙƙin marayu, don Allah ku ba ni shawara.

Amsar wani malami daga Fagge:

Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙansa, Ya ba ku haƙuri. Ɗan'uwa, kada matsin dangi ya sa ka yi gaggawa, domin shari'a ta jera abin daki-daki: kuɗin jana'iza, sannan bashi, sannan wasiyya, abin da ya rage shi ne gado. Ayoyi na 11 da 12 na Suratun Nisa'i sun maimaita cewa rabo yana zuwa ne bayan wasiyya da bashi.

Game da masu bin bashi, ka sanar a masallacin unguwa da kuma kasuwa, ka buɗe littafi ka rubuta kowa da abin da yake nema. Amma faɗa da baki ba ta isa ba, sai an kawo shaidu ko rubutun mamacin, kuma a mazhabar Malikiyya alƙali yakan rantsar da mai da'awa a kan mamaci cewa ba a biya shi ba, bai kuma yafe ba. Ka tambayi matansa ko akwai ragowar sadaki, domin shi ma bashi ne. Haka kuma ka bi waɗanda shi yake bi, tunda ɗan Kwari ba ya rasa kaya a hannun mutane.

Filin makaranta za a bayar idan ƙimarsa ba ta wuce sulusin (ɗaya bisa uku na) dukiyar da ta rage bayan bashi ba. Motar kuwa wasiyya ce ga magaji, ba ta zartuwa sai sauran magada sun amince, kuma ƙananan yara ba su da ikon yafe rabonsu, kai ma ba ka da ikon yafewa a madadinsu. Rabon kansa a dakata har amarya ta haihu. A lokacin mahaifiyarku za ta sami sudusi (ɗaya bisa shida), matan biyu su raba tumuni (ɗaya bisa takwas), ragowar na 'ya'ya ne, namiji rabon mata biyu. Kai ba ka da gado a nan, 'ya'yansa maza sun kare ka.

Amsar wani lauya:

Zan ƙara a kan maganar banki. Ka fara karɓar takardar shaidar rasuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, sannan ka nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga kotu, wadda sashen da ke kula da gado a babbar kotun jiha yake bayarwa. Ka je bankin da kanka su faɗa maka takardun da suke buƙata. Wanda aka rubuta sunansa a matsayin makusanci lokacin buɗe asusu bai zama mai kuɗin ba, abin da mutane da yawa suke kuskure ke nan. Ina kuma ba ka shawara, ranar rabo ku kai maganar kotun shari'ar Musulunci, a yi wa gida da shago ƙima, alƙali ya raba a rubuce.

Amsar wata 'yar'uwa daga Gwammaja:

Ni marainiya ce, kuma na san zafin wannan abu. Kawunmu mutumin kirki ne, amma ya zuba rabonmu cikin jarinsa ba tare da rubutu ba, da muka girma aka rasa gane namu da nasa, zumunci ya lalace. Yayana, don Allah ka ware kuɗin yaran daban, ka riƙa rubuta ko kuɗin makaranta da na magani, ranar da za ka miƙa musu kuma ka kafa shaidu. Sannan kada a haɗa kayan ɗakin matan da gwala-gwalansu cikin gado, nasu ne. A kuma bar su su gama takabarsu a ɗakunansu.

Mai tambaya:

Allah Ya saka muku da alheri. Gobe bayan sallar asuba zan roƙi liman ya yi sanarwar bashin, daga nan in wuce kasuwa tare da babban ɗan marigayin da yaran shago mu ƙirga kayan da ke ciki. Malam, saura tambaya ɗaya: kafin amarya ta haihu, abincin gidan da kuɗin makarantar yara daga ina zan riƙa fitarwa?