Wane Linux zan sa don aikin bincike? 'Yan Kumasi, ku faɗi abin da kuka gani

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum. Ina shekarar ƙarshe a injiniyanci a KNUST, malamina ya ce in sa manhajar OpenFOAM don lissafin gudun ruwa cikin bututu. Laftof ɗina na hannu ne, RAM 8GB. A cikin ire-iren Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, wannan ya ce in sa Ubuntu, wancan Fedora, wani ma Arch. Wanda ya taɓa yi ya taimaka.

Babban Yaya, Asawase: Wa alaikumus salam ƙanena. Ubuntu LTS, wato sigar da ake daɗewa ana kula da ita, ka huta. Masu OpenFOAM da kansu suna fitar da shi a shirye don Ubuntu, layi kaɗan za ka buga. LTS tana fitowa duk shekara biyu a Afrilu, ana kula da ita shekara 5. A kan Ubuntu 22.04 na yi aikina na GROMACS, wata manhajar lissafin kimiyya, har na kare, ba ta taɓa ba ni ciwon kai ba. Arch kuwa sai mai lokaci, kai kuwa ƙarshen shekara a Yuni na jiranka.

'Yar Kimiyya, Tafo: Fedora nake amfani da ita, ina kuma sonta, amma ba zan ba ɗalibi shawararta ba. Duk wata 6 sabuwa ke fitowa, kulawarta kusan wata 13 ce. Sau da yawa gcc ɗinta, manhajar da ke haɗa shirye-shirye, kan yi gaba, CUDA kuwa, manhajar lissafi da katin hoto na NVIDIA, sai gcc ɗin da ya sani yake karɓa, ka ga an tsaya. Ga kuɗin data, kowace sabuntawa sidi, kuɗinmu na Ghana, ne ke fita.

Malamin Lissafi: Yarona, fara tambayar inda aikin zai ƙare. 8GB ba za ta ɗauki babban lissafi ba, ƙarshenta sai an kai shi babbar kwamfuta ta nesa. Irin waɗannan galibi Linux na dangin Red Hat ne a kansu. Tun da aka tsayar da ɗaya daga cikin dangin, CentOS 8, a ƙarshen 2021, da yawa sun koma Rocky Linux ko AlmaLinux. Sigar OpenFOAM da ke can ita za ka sa, in ba haka ba fayilolinka su ƙi tashi.

Mai Gyara, Adum: Kada ka goge Windows tukuna, WSL2, wani sashe na Windows, na ɗaukar Ubuntu a cikinta, sai dai za su raba RAM. Kuma ka sa lissafin ya riƙa ajiye sakamako akai-akai. Batirin laftof na hannu da dumsor, wato ɗauke wuta, ba sa shiri.

Ɗan Aboabo: Na gode. Zan tambayi malam siga gobe. Yaya, in ya bar mini zaɓi, 22.04 ko 24.04?