Neman kalma: me za mu kira "destroyer" da Hausa?

Binta: Assalamu alaikum. Malamai a taimaka, ƙarfe huɗu zan shiga situdiyo. Rahoto ne kan jiragen ruwan yaƙin Amurka samfurin Arleigh Burke, waɗanda na farkonsu ya fara aiki a 1991. Turawa na ce musu guided missile destroyer. "Jirgin ruwan yaƙi" kaɗai ba zai wadatar ba, don akwai frigate ma a rahoton.

Malam Sabo: Wa'alaikumussalam. Ragargazau. An gama.

Ɗan Damagaram: Allah gafarta Malam, wannan ai sunan ɗan dambe ne. Kuma a yau kariya ta fi yawa a aikin jirgin. Radarsa da tsarin sarrafa makamansa mai suna Aegis na hango makami tun daga nesa, yana kuma da ramukan harbi 90 zuwa 96 a jikinsa. A Oktoban 2023 irin wannan jirgi mai suna USS Carney ya harbo makamai masu linzami da jirage marasa matuƙa na 'yan Huti a Bahar Maliya. In ƙirƙira za a yi, Kakkaɓau ya fi.

Malam Sabo: To makami mai linzami na Tomahawk da yake harbawa kan tudu fa? Shi ma kakkaɓowa ce? Ragargazau na kan ƙa'ida, sahun Tarwatsau da Dakatau.

Ustaz Kabiru: Larabawa sun huta, mudammira suke cewa. Mu ara.

Malam Sabo: Kullum aro! Harshen da miliyoyi ke magana da shi ya rasa sunan jirgi ɗaya? Wannan raina kai ne.

Ustaz Kabiru: Malam, linzamin da ke cikin "makami mai linzami" daga ina ya zo? Lijam ne na Larabci, kuma ban taɓa jin ka koka ba.

Malam Sabo: Wannan ya kwana ya tashi a bakin kakanninmu. Kada ka haɗa shi da baƙon jiya.

Ɗan Damagaram: Ku na Najeriya kuna yanke hukunci kamar ku kaɗai ke da harshen. Mu nan da Faransanci muka tashi, su kuwa Faransawa har manyan jiragensu frégate suke kira.

Tsohon Soja: Binta 'yata, bar su. Mu da muka san jirgin yaƙin Najeriya NNS Aradu, wanda Jamus ta ƙera, firiget muke cewa, ba wanda ya ruɗe. Ki ce distiroya, ki bi shi da bayani. In kuma za ki taɓo distiroyan Amurka USS Cole, wanda aka kai wa hari a tashar Aden ta ƙasar Yaman ranar 12 ga Oktoba 2000, sojojin ruwa 17 suka mutu, ki lura: ƙaramin kwalekwale ɗauke da bama-bamai ya huda shi. Ki ce "an ragargaza Ragargazau" ki ji yadda masu sauraro za su yi.

Binta: Na gode Baba. Zan ce "distiroya, wato babban jirgin ruwan yaƙi mai harba makamai masu linzami" a karon farko, daga nan distiroya kawai. Firiget kuma "matsakaicin jirgin ruwan yaƙi".

Ustaz Kabiru: Ba laifi, amma "babba" zai ba ki matsala ranar da jirgin dakon jiragen sama ya shigo labari.

Malam Sabo: Ki yi na yau saboda lokaci. Ni dai a ajina Ragargazau zan koyar.