Shin ya dace in rage gero in ƙara wake a gonata?

Manomi daga Gumel: Assalamu alaikum. Gonata jigawa ce, kuma bara ruwa ya ɗauke tun gero bai gama cika ido ba, abin da ya rufa mana asiri shi ne ɗan waken da na shuka a tsakanin kunyoyi. Bana ina tunanin in ware wa wake rabin gonar, sai dai ban san ko in riƙe irin gida ko in nemi sabon iri ba. Ina neman shawarar masana.

Malamin Gona: Wa alaikumus salam. Malam, tunaninka yana kan hanya, amma kada ka yar da gero, domin shi ne tuwon gida. Tsarin da masu bincike na cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa, IITA, suka daɗe suna koya wa manoman Kano shi ne kunya 2 ta hatsi, kunya 4 ta wake, saboda waken ya samu rana ba tare da inuwar kara ta danne shi ba. Irin da ke nuna cikin kwana 60 zuwa 75 yakan tsere wa yankewar damina, saiwarsa kuma tana bar wa ƙasa sinadarin da hatsin baɗi zai mora. Idan wuta-wuta ta addabi gonar, ka nemi irin waken da ake kira SAMPEA 10, mai jure mata. Akwai kuma SAMPEA 20-T, wanda cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru ta fitar a 2019 don ya jure tsutsar da ke cin fure da kwanso. Wannan irin yana rage yawan feshi, amma bai kawar da shi ba, tunda darɓa da sauran ƙwari suna nan.

Baba daga Maraɗi: Ɗana, malamin ya faɗi gaskiya, amma bai ambaci harawa ba. Irin gida mai yaɗo, kamar kanannado, yana jinkirin nuna, sai dai ganyen da yake bayarwa sabon iri ba ya kama ƙafarsa. Ni nakan yanke harawa tana da sauran kore, in ɗaure ta dami-dami, in ɗora a kan rumfa inda awaki ba sa kaiwa. Idan bazara ta yi tsanani, ciyawa ta ƙare a daji, masu kiwon raguna su ne za su biyo ka har gida da kuɗinsu. Shekarar da ƙwaya ta ƙi, harawa ce ta saya mini hatsi. Ka shuka kowanne kaɗan.

Hajiya mai awo: Baba, Allah ya ƙara girma. Ni abin da nake gani a kasuwa shi ne manomi yakan yi asara ne bayan roro. Da kaka kowa ya kawo wake, farashi ya faɗi, wanda ya ajiye kuma sai ya buɗe buhu bayan wata uku ya tarar ƙwari sun huda ƙwayar, gari yana zuba daga ƙasan buhun. Wasu sukan zuba maganin feshi a ciki, kuma irin wannan ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, balle illar da yake yi wa mai ci. Ka shanya shi ya bushe har ya yi ƙas a haƙori, ka zuba a buhun PICS mai leda biyu a ciki, ka matse iska, ka ɗaure kowace leda daban.

Manomi daga Gumel: Na gode ƙwarai. Zan gwada tsarin kunya 2 da 4 a gefen gabas, in bar kanannado cikin gero kamar yadda na saba. Hajiya, shin ana iya sake amfani da buhun a shekara ta biyu?

Hajiya mai awo: Ana iya, muddin ledar ba ta huje ba. Ka hura mata iska ka duba kafin ka zuba.