Muhawara: Shin Karɓe Bulala Daga Hannun Malaman Aji Zai Lalata Tarbiyya?

Shugaban ƙungiyar iyaye da malamai: Assalamu alaikum. Kamar yadda kuka gani a takardar da yara suka kawo gida, hukumar Islamiyyarmu ta hana malaman aji dukan ɗalibi. Daga yanzu shugaban makaranta kaɗai zai yi bulala, ba za ta wuce uku ba, kuma sai an rubuta laifin a littafi an sanar da uba. Wasu iyaye sun ce wannan tsarin Turawa ne da zai lalata tarbiyya, don haka muna son jin ra'ayinku kafin taron ranar Asabar.

Wani dattijo, uban yara huɗu, daga unguwar Mabera a Sakkwato: Wa alaikumus salam. Ina cikin masu faɗin haka, kuma ban janye ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma mu da muka yi karatun allo a garin nan ba mu haddace izu ko ɗaya ba sai da dorina a gefen malam. Hadisin Abu Dawud ya ce a umurci yaro da salla yana shekara 7, a buge shi a kanta yana shekara 10. Yaron da ya san malaminsa ba ya da ikon taɓa shi, ta yaya zai ji maganarsa?

Malamin Fiƙihu a makarantar: Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, hadisin gaskiya ne, sai dai ku lura cewa ya bar shekara 3 cur na umurni da lallashi kafin a ɗaga hannu, kuma a kan salla yake magana, ba a kan latti ko mantuwar littafin rubutu ba. Iyakar bulala uku ma ba daga Ingila ta zo ba. Ibnu Sahnun, malamin Malikiyya na birnin Ƙairawan a Tunisiya, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, shi ya rubuta a littafinsa na ladubban malamai cewa kada malami ya wuce uku sai da izinin uba, kada ya bugi kai ko fuska, kada kuma ya yi duka don huce haushinsa. Ibnu Khaldun ya ƙara da cewa tsanantawa tana koya wa yaro ƙarya da yaudara, domin tsoro ne ke sa shi nuna abin da ba shi ne a zuciyarsa ba. Mazhabarmu ce wannan, mu ne dai muka yi sakaci da ita.

Wata uwa daga Arkilla: Malam, na gode da wannan bayani. A wata makaranta da ɗana ya fara zuwa, an sa shi durƙuso a tsakiyar rana cikin watan Afrilu saboda ya kasa kawo hadda, kuma kowa ya san zafin Sakkwato a wannan lokaci yana haura digiri 40. Ya dawo gida da zazzaɓi, amma abin da ya fi damuna shi ne ya kwashe watanni yana ɓoye Alƙur'aninsa idan lokacin tafiya ya yi. Don haka ina roƙon a sa gwale-gwale cikin takardar, da tsallen kwaɗo da kamun kunne, domin idan aka hana bulala kaɗai, can wasu malaman za su koma.

Dattijon Mabera: Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya, wannan zalunci ne kuma ban goyi bayansa ba. Amma doka ma ta yarda da horo, tunda sashe na 55 na Final Kod, wato kundin dokokin hukunta laifuffuka na Arewacin Najeriya, ya ba malamin makaranta damar ladabtar da yaro matuƙar bai yi masa mummunan rauni ba.

Malamin Fiƙihu: Haka ne, Baba, shi ya sa hukuma ba ta soke bulalar ba, ta dai ɗaure ta da sharaɗi. Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara 10 tun yana yaro, bai taɓa jin ko tsaki daga gare shi ba.

Malamar aji biyu: Iyayena, ku yi mini afuwa, akwai abin da ba a taɓo ba. Yara sun fi 70 a ajina, ni kaɗai, daga bayan La'asar zuwa dab da Magariba. Na yarda da sabon tsarin da zuciya ɗaya, amma idan duk yaron da ya tada hankalin aji sai na tura shi ofis, layin zai kai bakin ƙofa, karatu kuma ya tsaya. Sau da yawa na aika a kira uba, sai a turo mini yayan yaron da bai girme shi da shekara 2 ba. Ina neman a raba ajin gida biyu, kuma uba ya sa hannu cewa zai zo da kansa idan an neme shi.

Dattijon Mabera: Malama, batun zuwan uba na amince da shi, kuma ni zan fara sa hannu. Batun karɓe bulala kuwa, ina nan a kan bakana har sai na ga sakamakon jarrabawar wannan zango.

Shugaban ƙungiya: An rubuta gwale-gwale, raba aji biyu, da sa hannun iyaye cikin abubuwan da za a tattauna. Raba ajin yana nufin ɗaukar sabuwar malama, don haka ma'aji ya zo da lissafin albashinta ranar Asabar da ƙarfe 10 na safe.