Babur mai injakta ya ƙi tashi: kowa ya faɗi abin da ya gani

Daga Aboabo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Babur ɗina mai injakta ne, wato na'urar da ke fesa wa inji fetur, ba kabureta ba. Shekaranjiya bayan asuba na murɗa makulli, sitata tana juyawa amma inji ya ƙi kamawa. Bakaniken da na kai wa ko dubawa bai yi ba, ya ce sai an kwance injakta. Hankalina bai kwanta ba, na ɗora shi a aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, na dawo gida. Da shi nake neman abincin iyali. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya taimaka.

Daga Asawase:
Wa alaikumus salam. Yaya, kafin kowa ya taɓa maka injakta, ka kasa kunne. Idan ka murɗa makulli, kada ka danna sitata tukuna. Za ka ji ɗan kuka daga wajen tanki na daƙiƙa 2 zuwa 3, famfon mai ke nan yana tura fetur. Nawa shiru ya yi, kwana huɗu yana jingine a zaure, ashe fiyus ne ya ƙone a ƙarƙashin kujera.

Daga Suame Magazine:
Ɗana, gyara ne sana'ata, kuma abin da ya fi damuna shi ne yadda ake kawo mini babura an riga an kwance su a banza. Fara da batir. Babur mai kabureta, ko batir ya mutu, ka buga kik ya tashi. Mai injakta kuwa famfonsa wuta yake ci, ƙwaƙwalwar injin wuta take ci, injakta kanta sai da wuta take fesa mai. Fitila tana iya haskawa, hon yana iya kuka, sitata ma ta juya, amma a daidai lokacin da take juyawa sai ta janye wutar, ƙwaƙwalwa ta rasa abin da za ta yi aiki da shi. Nan mutane suke ruɗewa.

Sa mitar auna ƙarfin wuta a kan batir. Mai lafiya yana nuna wajen volt 12.6 idan babur yana kashe. Danna sitata kana kallo: in ya faɗi ƙasa da 10, ga matsalarka nan. Duba kuma kawunan batir, ko sun yi farin gari ko sun kwance. In duk wannan lafiya ne, sai ka cire fulogi. In ya jiƙe da fetur, mai yana zuwa, wuta ce babu. In a bushe yake ƙayau, bi hanyar mai.

Daga Sawaba:
Nawa wajen wanki ya jawo mini. Yaron ya saita ruwa mai ƙarfin nan kan inji, ruwa ya shiga mahaɗin wayoyi. Muka cire, muka busar, ya tashi. Wani abokina kuma ya faɗi a taɓo da damina, babur ya ƙi tashi, sai da ya miƙe shi ya kashe makulli ya sake kunnawa. Akwai na'urar da ke yanke mai idan babur ya kwanta.

Daga Aboabo:
Allah ya saka muku da alheri. Baba, na bi maganarka. Famfo yana kuka amma a sanyaye. Mita ta nuna 11.8, da na danna sitata ta sauka 9. Na aro batirin maƙwabcina, bugu ɗaya ya tashi. Sai dai batirin nan bai shekara ba, me ya cinye shi?

Daga Suame Magazine:
Alhamdu lillahi. Kada ka yi saurin sayen sabo. Tayar da inji, ka ɗan ja mai, ka sake aunawa. Ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.5. In bai kai haka ba, caji ne ba ya shiga, kuma sabon ma haka zai ƙare. Auna yau ka faɗa mini abin da mita ta nuna.