Lilo iri ɗaya, layi daban: ku ba ni shawara kafin a soke mana tafiya

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, kaina ne ya ɗaure. Tun bara maigidana ya yi wa yara alkawarin kai su filin wasannin Disney a Amurka idan babbar ta ci jarrabawa, Allah kuma ya ba ta sa'a. Ni aka bar wa tsara tafiyar, don shi aiki ba ya barinsa, kuma da ma duk abin da ya shafi takardu ni nake yi a gidan. Na zaɓi na Florida saboda ƙanwarsa tana karatu a can, yaran ba su san ta ba sai a waya, ga shi surukata ta damu a je a gano mata ita. Har na kama otal na biya wani abu. To, shekaranjiya wansa ya zo, ya buɗe manhaja a wayarsa ya nuna wa maigidan: lilon Space Mountain na Florida layin minti 75, na California minti 35. Ya ce lilo ɗaya ne, kamfani ɗaya, ni ce na zaɓa musu wahala. Tun daga nan maigidan ya fara cewa a sake tunani. Ƙaramin nawa ba ya iya doguwar tsayuwa ko kaɗan. Me ke kawo wannan bambanci? In canza ko in bari? Ko barcin kirki ba na yi.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Hajiya, tambayi wan mijinki ƙarfe nawa ya duba. Florida ta riga California da awa uku. Sha biyun rana a can, lokacin da fili ya cika maƙil, ƙarfe tara ne na safe a California, ba a daɗe da buɗe ƙofa ba. Sannan suna ne ɗaya, injin daban. Na Florida, wanda aka buɗe a 1975, hanya biyu gare shi, kowane jirgi mutum shida a jere, ɗaya bayan ɗaya. Na California na 1977 hanya ɗaya ce, amma jirgin na ɗaukar 12, biyu-biyu. Tsawon jira lissafi ne: mutanen da ke gabanki, a raba da yawan da lilon ke kwashewa a awa. A ce yana kwashe 1,500, ga 750 a gabanki, rabin awa ke nan. Kada ki canza komai.

Ummu Ɗiya: 'Yar uwa, wane wata za ku tafi? Shekarun yaran nawa? Kuma rashin tsayuwar ƙaramin, ƙiriniya ce ko lalura? Sai mun san wannan.

Baban Yara: Ni dai in kin ji tawa, ki koma California. Disneyland na California ya fi Magic Kingdom na Florida yawan lilo duk da filinsa ya fi ƙanƙanta, don haka jama'a na rarrabuwa. Ga fili na biyu yana kallonsa, da ƙafa ake tsallakawa. A Florida filaye huɗu ne a warwatse, yawanci sai da bas ko jirgi. Wanda ya shiga wani fili da safe yawanci nan zai wuni, kowa kuma lilo uku ko huɗu ɗin nan da suka yi suna yake nema.

Maman Biyu: Malam Injiniya, na gode, amma wan nasa ba jahili ba ne, ya san da bambancin lokaci. Baban Yara, ba haka kawai na zaɓi Florida ba, na faɗi dalili. California ina, ƙanwarsa ina?

Injiniya: Ko ya sani ko bai sani ba, hoton waya guda ɗaya ba hujja ba ne. Baban Yara, maganarka rabin gaskiya ce. Akwai wuraren da Florida ta fi kwashe mutane. Dumbo na Magic Kingdom tun 2012 aka mayar da shi tagwaye, biyu ke juyawa a lokaci guda, har da wurin wasa a cikin tanti mai sanyi inda yara ke tsalle-tsalle kafin layi ya zo kansu. Na California guda ɗaya ne. Lilon Soarin' na filin Epcot a Florida an ƙara masa zaure na uku a 2016, na California biyu ne. A shekarar ce kuma aka ƙara wa lilon Toy Story Mania na filin Hollywood Studios, shi ma a Florida, hanya ta uku, don layinsa ya yi tsawo ƙwarai a lokacin da filin ba shi da yawan lilon da ƙananan yara za su hau. Abin da ke kewaye da lilo ma yana cikin lissafin. Hajiya, ki duba yadda ake lodi kuma. Haunted Mansion kujerunsa ba sa jiran kowa, suna tafiya kina takawa kan shimfiɗa mai motsi ki zauna, shi ya sa layinsa ke ja ko an cika. Peter Pan kuwa kwale-kwalen ƙanana ne, mutum biyu ko uku, don haka ko'ina kika je za ki tarar da layi.

Anti Mai Haƙuri: Duk wannan lissafi bai taɓa inda ke yi mini ciwo ba. Mun je wani fili da jikokina, allo ya ce minti 40. Muna tsaye a bakin igiya, ma'aikaciya ta ɗaga hannu ta tsayar da mu, ta buɗe wa masu layin kuɗi, suka yi ta wucewa ta gefenmu iyali bayan iyali. Sai ta saki mutum biyar daga namu ta sake rufewa. Ƙaramar jikata ta zauna a ƙasa ta cire takalmi ta ce ita ta fasa. Da tikitinmu muka shiga fa, ba roƙo muka je ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Injiniya: Anti, ai maganata kika ƙarfafa. Idan aka ba masu layin gaggawa kaso mafi yawa na kujeru, waɗancan 750 ɗin ba rabin awa za su yi ba, sai ya haura awa. Kowane fili da yadda yake raba kujerun, wannan kaɗai ya isa ya bambanta lilo biyu masu kama ɗaya. A Disney, layin gaggawa na FastPass da aka fara a 1999 kyauta ne a da, a 2021 aka kawo Lightning Lane na kuɗi. Hajiya, ki saya don lilo masu dogon layi, shi ke nan an gama.

Anti Mai Haƙuri: Wato ita ma ta je ta wuce ta gaban 'ya'yan wasu. Haka aka lalata abin.

Ɗan Bokon Gida: Ni ban yarda da lambar allon ba ma. Sau da yawa sukan ƙara mintuna, don gara ka fito da wuri ka ji daɗi da ka wuce lokaci ka yi fushi, kuma babbar lamba na kora mutane zuwa wani ɓangaren. Yaya, ki isa ƙofa kafin a buɗe, ki fara da wanda ya fi layi. Ba sai kin biya ko sisi ba. In bazara ce, ki sani a Florida hadari kan taso da rana, a rufe lilon waje saboda walƙiya, kowa ya ruga na cikin gini.

Maman Biyu: Sammako da yara biyu bayan doguwar tafiya, ai faɗa ya fi yi sauƙi. Batun ƙarin kuɗi kuma, maigidan ya riga ya ce tafiyar ta wuce abin da ya ware. Ni na yi iya ƙoƙarina, ba wanda ya taya ni lokacin da nake ta bincike cikin dare, sai yanzu kowa ya zama masani a gidan.

Baban Yara: Nawa za a cire miki in kin soke otal ɗin? Ƙanwar ai tana iya hawa jirgi ta same ku.

Injiniya: Kada ta soke. Hajiya, ki buɗe manhajar da ƙarfe biyu na ranar kowane fili, ki rubuta na mako guda, ki ajiye wa wan mijinki a gabansa.

Ummu Ɗiya: Har yanzu ba ki faɗi watan ba, 'yar uwa, kuma ba ki ce komai kan yaron ba.

Maman Biyu: Ranar ba a hannuna take ba, sai an ba maigidan hutu a wurin aiki. Yanzu ma wan nasa ya sake turo wani hoton, wai na Paris ya fi duka sauƙi. Akwai wanda ya taɓa zuwa can da yara?