Aikin shugaban makaɗa: na rediyo da na filin rawa ɗaya ne?

Ɗan Gusau: Assalamu alaikum, manya. Ƙungiyar da ke kiɗan biki, in an kira ta gidan rediyo, me shugabanta zai sauya?

Mai Kalangu, Argungu: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kusan komai. A filin rawa ƙafafun mutane shugaba ke kallo, in rawa ta yi zafi ya ja kiɗa ɗaya har minti 20. A rediyo agogo yake kallo. In shirin na minti 30 ne, sai ya yanka kowane kiɗa zuwa minti 5 ko 6, ya tsara inda za a tsaya tun wajen gwaji, don a ɗakin ɗauka ba a ihu, da hannu ake ba da alama. Masu ganga su ja baya daga makirfo, in ba haka ba su danne muryar mawaƙi da 'yan amshi.

Injiniya, Birnin Kebbi: Gaskiya ne, Malam. A fili kuma kada lasifika ta zauna bayan makirfo, nan ne ƙarar nan mai huda kunne ke tasowa. A tayar da janareta ya daidaita kafin a kunna amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti.

Mai Kalangu, Argungu: Sai fatar ganga. Da damina tana saki, sautin ya mutu, dole a ɗan gasa ganga kafin a fara. Da hunturu kuwa taurin ke yawa, tana iya fashewa. Maganar rabon kuɗin liƙi ma a gama ta kafin a taɓa ganga, ita ke watsa ƙungiya fiye da komai.